Ƙugiya Ɗaya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai tarin nan da ya ƙi rabuwa da ni, wanda likita ya ce ƙurar dalma ce ta shekara talatin take gaishe ni.

To, an gama gaisuwa, ga abin da ke tafe da ni. Shekara goma sha tara ke nan da na ba ka littafina ka duba. Ban manta ranar ba, wata bakwai bayan rasuwar ƙanwarka. Kana zaune a ƙofar ɗakinka kan kujerar roba kana yanke farce, na miƙa maka shi a ambulan mai ruwan ƙasa, ɗaure da zaren da muke ɗaure shafi a gidan bugu. Ka jinjina shi a hannu kamar mai tayin kaza, ka ce ashe Baibai ma ya zama marubuci, ka ce in ba ka mako biyu. Mako biyun ne har yau ba su cika ba.

Kada ka ce ban yi haƙuri ba. Na ƙirga, sau ashirin da shida muka haɗu tun daga ranar, har da lokacin da aka kwantar da kai a asibiti na yini a bakin gadonka ina kore maka ƙuda. Kowace haɗuwa sai ka tambaye ni tari, ka tambaye ni 'yata Auta, ka tambaye ni ko rufin ɗakina ya daina yoyo. Ni kuma in zuba wa bakinka ido ina jira. Sau ɗaya ka yi gyaran murya ka kira sunana, na kasa kunne, ashe laimarka ka manta a gidana kake so a aiko maka.

Ni ban yi makaranta ba, ka fi kowa sani, tunda kai ka kai ni gidan bugu aka ba ni tsintsiya albarkacin ina auren ƙanwarka. A akwatin haruffan dalma na koyi baƙaƙe, ina shara ina tsince waɗanda suka faɗi ina mayar da kowane gidansa. Harafin dalma kuwa a juye yake, sai ya hau takarda yake miƙewa. Ranar da aka fara miƙo mini jarida sai da na kai ta gaban madubi kafin in iya karantawa. Nan kuka sa mini Baibai, sunan ya bi ni har bakin jikokin maƙwabta.

Kai kuwa kana can ɗakinka mai fanka da jan bironka, kana duba takardar gwaji. Shekara ashirin da biyu ina jera maka haruffa, ban taɓa kawo maka shafi ka bar shi ya kwana ba. Waƙafi ɗaya in ya kauce sai ka zagaye shi da ja, ka fito tsakiyar ma'aikata, ka ɗaga takardar sama kana tambayar wane gwani ne ya yi wannan. Tallan maganin basir ma sau uku ka mayar mini da shi. To, mutumin da ya kasa ƙyale tallan maganin basir, yaya aka yi shafi ɗari da goma sha huɗu suka shekara goma sha tara a hannunsa ko ɗigo bai sa ba?

Na san rubutun ba kyau. Da manyan baƙaƙe na yi shi, ɗaya bayan ɗaya yadda ake jera dalma, don ban iya mai haɗe-haɗen nan naku na 'yan boko ba. In shirme ne ka ce shirme ne, na saba ji daga bakinka. In ka jefar ka faɗa. In ɓera ya ci ka ce ɓera ya ci, sai in san da wa nake rigima.

Ka kuma san ba tatsuniya na rubuta ba. Labarin wani mutum ne da ɗansa ɗan shekara biyar a wurin jiran mota. Ban sa wa kowa suna ba, amma kai ba sai an gaya maka ba, kai da yaron ba ya cin abinci sai a cinyarka, har muka bar sunansa muka koma Ɗan Kawu. Shekara talatin da huɗu yau, ba shi ba labarinsa. Kai ka juya inji da hannunka ka buga takardun cigiyarsa, kai da ba ka yarda tawada ta taɓa maka riga.

Yanzu Auta ta tasa ni a gaba. Ta ce zamanin jiran gidan bugu ya wuce, akwai wani shafi a waya da mutane ke zuba labaransu, yau ka sa, gobe dubu sun karanta sun gaya maka ra'ayinsu. Na ce mata ni mutum ɗaya nake jira. Ta ce kawun nata ya tsufa, in ƙyale shi ya huta. Ba ta san abin da ke cikin littafin ba, lokacin da abin ya faru tana goye. Ina da kwafi a ƙarƙashin katifa, don na sa kabon, ba a banza na tsufa a gidan bugu ba. In watan nan ya mutu ban ji daga gare ka ba, zan ɗauko in miƙa mata. Kada ka ce ban gaya maka ba.

Kuma kada ka sa a kira ni a waya. Abin da na ba ka a takarda, a takarda nake son amsarsa.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara.

Naka duk da haka,
Baibai

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan jiki da sauƙi, mutanen gida kuma kowa lafiya. An ce an yi maka sabon tabarau, Allah ya sa ya fi na da gani, ko a samu a riƙa karanta wasiƙun mutane. Nan ruwa ya yi yawa, rufin da kake yawan tambaya yana nan yana yoyonsa, na sa bokiti biyu.

Watan ya mutu, na ƙara maka wani kyauta, shi ma ya mutu. Ma'aikacin gidan waya har ya saba, tun daga nesa yake girgiza mini kai don kada in wahalar da ƙafata. Saboda haka na cika alkawari.

Auta takan dawo daga shagon magani da la'asar, ta zauna bakin taga, takardun kabon a kan gwiwa, waya a hannu. Abin da na yi wata biyar ina sassaƙawa, ita da manyan yatsu biyu take tsince shi kamar kaza a kan tsaba. Kwanakin farko tana yi tana dariya, tana nuna mini inda na juya harafi ya kalli baya, tana cewa lallai ba a yi mini ƙarya a suna ba. Daga wajen shafi na sittin dariyar ta ɗauke. Wata rana ta ajiye wayar ta shiga banɗaki, na daɗe ina jin ruwa na zuba. Ni kuma na ɗauki hulata na tafi wurin mai gyaran keke na zauna ina kallon yana cire taya. Ba ta ce mini komai ba, ban ce mata ba. Ashe shirun nan gadon gidanku ne.

Duk kwana biyu takan sa babi ɗaya. Ka zo ka ga jama'a, Yaya. Ba wanda ke amfani da sunansa ko fuskarsa, wannan hoton fure, wancan hoton zaki, wata ta kira kanta Gimbiyar Hawaye. Auta na karanta mini ina saurare. Wani ya ce Baba ka iya. Wata ta ce labarin ba soyayya, a sa wa mutumin budurwa. Wasu ba sa rubuta komai sai su aiko ɗan hoton wuta, na tambayi Auta ko so suke a ƙona littafin, ta ce a'a, yabo ne. Matar da ke kula da shafin ta aiko saƙon murya mai tsawo. Ta kira ni Baba sau tara, sannan ta ce babobina sun yi tsawo, in rage bayanin inji da akwatin haruffa don ba wanda ya damu da su, kuma kowane babi in tsaya daidai inda zuciyar mai karatu ke rataye. Wato cikin ladabi ta ce in yanke rabin littafin. Ban yanke ba. Amma dai ita ta karanta, ta kuma buɗe baki.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini daɗi da farko. Ranar da Auta ta ce mutum dubu biyar sun karanta, na sa rigata mai kyau na taka har ƙarshen layi na dawo, ba don zan sayi komai ba. Ni Baibai, mai tsintsiya.

Sai aka zo babin ƙarshe. In ka karanta ka san yadda ya ƙare. In ba ka karanta ba, ga shi. Mutumin ya gama zagaye gari, rana ta faɗi, ya dawo gida. Matarsa ta ji tafiyarsa ta fito, ta miƙa hannu biyu yadda ta saba karɓar yaron in ya yi barci a kafaɗar ubansa, ta ce ina yake. Layin ƙarshe kalma biyu ne: Ya ɓata.

A wayar sai ya fito Ya bata. Ba ƙugiya a kan harafin. Yaran yanzu kuwa haka suke rubuta ya ba ta, a manne, tunda ba mai jan biro a kansu. Mace ta miƙa hannu ta ce ina yake, ya ba ta. Ka gane abin da suka karanta?

Murna ta ɓarke. Wannan godiya ga Allah, wancan barka da arziki. Gimbiyar Hawaye ta ce ta yi kukan daɗi har ta je ta rungume nata ɗan. Wani ya ce shi tun babi na uku ya san za a ga yaron. Biyu suka kama faɗa da juna, ɗaya na cewa yaron ya ba ta, ɗaya na cewa takalminsa ne, har suka kai ga zagin iyaye. Matar shafin ta sake aiko murya ta ce ba ta ga ƙarshe mai daɗin wannan ba a bana, in shirya kashi na biyu in faɗi inda aka tsinto shi. Mutum dubu tara, Yaya, suna taya ni murnar ganin Ɗan Kawu.

Kwana biyu ban taɓa abinci ba. Shekara goma sha tara ina roƙon kalma ɗaya, yanzu an juye mini ɗari huɗu a ka, ba ko ɗaya da ta shafi abin da na rubuta.

Laifin wayar nan ne. A gidan bugu mai ƙugiya da marar ƙugiya kowa gidansa daban a akwati, ko ido a rufe in ka shafa za ka ji ƙugiyar a yatsa. Wannan gilashin me za ka shafa a kai? Da a zamaninka ne da tuni ka zagaye shi, ka fito tsakiyar ma'aikata kana neman gwanin da ya yi. Na ce wa Auta ta gyara. Ta ce to. Yau kwana takwas, kullum sai ta ce layin sadarwa ne ba kyau.

Buɗe ambulan ɗin nan, in yana nan, ka duba shafi na ɗari da goma sha huɗu. Ka gaya mini ko ni ne ban lanƙwasa harafin yadda ya kamata ba.

A gaishe da gida.

Baibai

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu. Auta ta ji daga bakin 'yarka cewa ido ɗaya ya tafi, ɗayan ma ya fara bin sa. Allah ya ba ka lafiya, da gaske nake faɗa. Shi ya sa ka ga na ƙara girman haruffa, takarda ta ƙaru. Amma shekara goma sha tara da suka wuce idonka na hango waƙafi daga bakin ƙofa, saboda haka wannan ba uzuri ba ne.

Na zalunci wayar, ya kamata in faɗa. Ran Lahadi Auta na wanki a tsakar gida, na ɗauko tsohon gilashina na duba haruffa, na sa ta buɗe mini babin ƙarshe, na bi shi layi layi yadda kake yi. Ƙofa da ƙugiyarta. Ɗaki da tasa. Na ƙirga ƙugiya arba'in da bakwai a babin, kowace tana inda ya kamata. Har a shafin da ya gabata, inda mutumin ke gaya wa ɗan sanda, kalmar nan tana nan daidai da ƙugiyarta. Wuri ɗaya tak aka bari.

Na fito na tsaya a kanta, na ce ta gaya mini gaskiya. Ba ta ɗago ba, hannunta na cikin kumfa. Ta ce, "Baba, na san inda ƙugiyar take. Sau uku ina sa ta ina gogewa. Mama ta miƙa hannu har ta mutu ba a sa mata komai a ciki ba. Ka bar mata shi, ko a waya ne."

Na tsuguna kusa da ita. Can na tambaye ta ko tana riƙe da ni a kan abin da ta karanta a babi na bakwai. Sai ta miƙo mini bakin zanin gado ta ce in riƙe mu matse. Muka matse, muka shanya.

Yanzu bari in faɗa maka babi na bakwai ɗin ƙarara, kada ka ce kabon ne ko rubutun ne bai fito ba.

Na gaya muku duka cewa mota ta iso, jama'a suka yi turereniya, hannunsa ya suɓuce daga nawa. Ƙarya na yi. Ranar Asabar ce, rabin yini muke yi, na tafi da shi wurin aiki don yana son ƙarar inji. Mun tashi, mun kai wurin jiran mota, sai na tuna na kifa harafi ɗaya a layi na uku na tallan wani kanti. Ranar Litinin da safe shafin zai zo teburinka, kuma a makon nan sau biyu ka riga ka ɗaga takardata a gaban mutane. Na zaunar da shi a benci ƙarƙashin rumfa, na ciro wani tsohon harafin dalma daga aljihu na ba shi ya yi wasa, na ce kada ya motsa. Ya ce me ya sa, kamar yadda ya saba. Na ce yanzu zan dawo.

Na tarar an kulle ƙofa, sai da na nemo mai gadi. Garin sauri ina kwance zaren, rabin shafin ya zube a ƙasa. Na tsaya na tsince na sake jerawa. Minti goman da na yi niyya ya wuce awa guda. Da na dawo wata mata ce zaune a bencin da kwandonta, ta ce ita ba ta ga yaro ba.

Bayan kwanaki, da muka koma aiki, shafin ya zo teburinka. Ka duba, ba kuskure ko ɗaya, ka rubuta a buga a kusurwa ka sa hannu.

Ƙanwarka ta yi shekara goma sha biyar bayan nan. In ta ga na yi shiru da yawa sai ta kama hannun nan nawa na dama tana murzawa, tana cewa ba laifinsa ba ne, cunkoso ne. Ni kuma in bar ta tana murzawa. Ta tafi ba ta sani ba. Shi ya sa da aka rufe ta na sayi takarda da kabon. Bakina ba zai iya ba, na ce bari hannun da ya yi ɓarnar ya faɗa. Kuma kai na kai wa, don kai kaɗai ka rage da ke da hakkin ka tsine mini.

Na daɗe ina ɗora maka rabin laifin, kai da jan bironka. Har yanzu wasu ranakun ina ɗora maka. Amma ba kai ka ajiye shi a benci ba.

Shekara goma sha tara ina fassara shirunka. Yau in ce ba ka buɗe ambulan ɗin ba don ka raina rubutun mai tsintsiya, in yi fushi. Gobe in ce ka karanta ka tsane ni, kana tambayar rufin ɗakina ne don kada ka shaƙe ni, in ce ka yi daidai. Jibi in ce ka karanta ka ga naka hannun a ciki, shi ya hana ka magana. Na gaji da zaɓar maka, Yaya. Na tsufa, tarin nan kuma ya fara zuwa da abin da ban nuna wa Auta ba.

Matar shafin tana so ta haɗa babobin wuri ɗaya su zama cikakken littafi a waya kafin ƙarshen wata. Auta ta ce abin da na ce shi za ta yi, ba za ta sake ɓoye mini ba. In na sa ƙugiyar, na faɗi gaskiya, na kuma ƙwace yaron daga hannun uwarsa karo na biyu a gaban 'yarta. In na bari, mutum dubu tara za su ci gaba da yi mini barka a kan ƙarya, ni da na rubuta littafin don in daina ƙarya. Na kasa. Ban taɓa sakin shafi ya hau inji ba sai da hannunka a kusurwa, ba yau zan fara ba.

Ga shafin ƙarshe na sake rubuta maka, na bar harafin ba ƙugiya yadda Auta ta yi. Na danna biro sosai, in ido ya ƙi ka juya takardar ka shafa bayanta da yatsa, a juye za ka ji shi, yadda ni na koya. Ga jan biro sabo na sa a ciki, kada ka ce naka ya bushe. Ga ambulan da adireshina da kan sarki. In kuskure ne ka zagaye shi. In ba kuskure ba ne ka rubuta a buga. Aikin minti ɗaya ne ga mutumin da ya mayar da tallan maganin basir sau uku.

In wannan ma ta tafi yadda biyun farko suka tafi, zan hau mota in zo in zauna a kujerar robar nan da ke ƙofar ɗakinka, da tarina da komai, in ga wanda zai fara gajiya.

Ina gaida mutanen gida. Ɗan ƙanwarka ne, a cinyarka yake cin abinci. Ka karanta ko ba ka karanta ba? A sa ƙugiyar ko a bari? Ka amsa mini, Yaya.

Mijin ƙanwarka,
Baibai